Keken Mama Ya Ƙi Shiga Ɗakinta

Anti Noreen, don Allah ki taimake ni kafin Litinin, na rasa inda zan sa kaina.

Ni da maigidana Wendell muna gina gida a bayan garin Duluth. Tun gidan yana kan takarda muka yanke cewa ɗakin ƙasa na mahaifiyata ne, faɗin ƙofarsa inci talatin da shida, saboda keken da take zama a kai tun da ɓarin jikinta ya shanye. Da bakinsa ya ce mata ta sayar da gidanta. Ta kuwa sayar.

Kafintoci sun tsayar da katakai, an ɗora rufi, saura a rufe bango da alluna ranar Litinin. Asabar ɗin nan muka tara 'yan uwa yadda aka saba, kowa ya rubuta addu'a a jikin katako kafin a rufe. Na turo Mama ta rubuta tata a ɗakinta, sai keke ya cije a bakin ƙofa. Na ja baya, na sake turawa, ya ƙi. Da na ɗaga kai sai ga "28" da fensir a katakon sama. Shekara ashirin da biyu ina karanta rubutun Wendell, ina zai ɓace mini? Kafinta Curtis ya sunkuyar da kai, ya ce tun watan Agusta maigida ya sa aka rage, wai ɗakin aikinsa zai zama.

 Mama ta miƙa hannunta mai lafiya ta rubuta daga waje, a katakon gefen ƙofar: "Allah ya albarkaci gidan nan."

Da muka koma gida, Wendell ya ce wai shekara huɗu ya yi yana jinyar mahaifinsa, ba zai iya sake wata ba, ya rasa yadda zai gaya mini ne. Wallahi ya ci amanata. Ko kallonsa ba na son yi.

Wadda aka munafurta, Duluth

'Yar uwa, ɓacin ranki yana kan hanya. Ya yi alkawari, ya warware a ɓoye, ya bar tsohuwa ta gano a gaban jama'a. Wannan ba shi da daɗi ko kaɗan.

Yau ki kira Curtis ki ce a dakata da rufe bangon. Yanzu faɗaɗa ƙofar aikin wuni ɗaya ne, idan aka rufe kuwa sai an fasa. Amma kada ki sa a faɗaɗa a bayan idon Wendell, don kin yi irin tasa ke nan.

Tsoronsa gaskiya ne. Wanda ya yi jinyar shekara huɗu ya san abin da yake gudu. Ki zaunar da shi ku fito da tsari: wa zai riƙa zuwa taya ku, kwana nawa 'yan uwanki za su ɗauka, yaushe ku biyu za ku huta. Idan duk da haka ya ce a'a, to ya je ya faɗa wa Mama da bakin da ya ce ta sayar da gida, ba ke za ki kai saƙon ba.

Idan ya yarda, dole katakon da ta yi rubutu a kai ya fita. Kada ya tafi bola. Wendell ya zare ƙusoshin da hannunsa, ya kafa shi a cikin ɗakin, sannan shi zai turo ta ta shiga.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ƙara wa Mama sauƙi.

Anti Noreen