Takardar da ke bayan salulata

Ɗiyata Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarki, da maigidanki, da yara? Yaya zafin Agadas? Mu nan Dakoro sai godiya.

Kada hankalinki ya tashi, na warke. Wancan satin na faɗi da moto a hanyar Sabon Maci, na suma. Jandarmomi suka tarar da salulata a kulle, suka rasa wanda za su kira. Ni da na gina shago uku da hannuna, a gidan likita "wani dattijo" aka rubuta ni!

Yanzu innarki ta manna takarda a bayan salular, da sunana da lambobi. Na san kina nesa, amma taki na ce a fara rubutawa. In baƙuwar lamba ta kira ki, ki ɗauka, Hadiza.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaishe mini da jikokina.

Babanki,
Isuhu