Maɓallin Rigar Baba

Litinin, 3 ga Maris

Gilashin kyamarata ya mutu, mai zum ɗin nan da nake jawo fuskar mutum tun daga nesa. Shekara biyar ina cin abinci da shi. A wurin bikin yaye ɗalibai wani mai ƙaton tumbi ya ja da baya bai duba ba, ya ture ƙafar kyamara. Sannu kawai ya ce mini, kamar wanda ya taka mini takalmi, ya yi gaba. Mai gyara ya girgiza gilashin a kunnensa, ya ji ƙaras-ƙaras, ya miƙo mini abina.

Kuma yau ɗin Umma ta ga damar kira. Talata ta sama za a yi wa Baba aiki a muƙamuƙi, ƙarin nan da ya fito masa. Likita ya ce sai sun cire wani sashe na ƙashin, fuskar ba za ta koma yadda take ba. Tana son hotonsa yadda ta san shi. Ban da na katin aiki, ba shi da ko ɗaya.

Na ce garin cike yake da masu hoto. Ta ce, "Garin ne ya haife ka?"

Talata, 4 ga Maris

Baba ne fa, mutumin da ya ce a gaban baƙi, "Na kashe kuɗi ya karanta aikin akawu, ga shi ya ƙare a mai cewa mutane su yi murmushi." Har dariya aka yi. Shekara shida ke nan, ban manta ko harafi ɗaya ba. Tun daga ranar, gaisuwa daga bakin ƙofa, ina kwana, lafiya lau, shi ke nan. Yanzu kuma mai cewa a yi murmushi ake nema.

Laraba, 5 ga Maris

Na je layin masu kayan kyamara. Abin da nake so na san shi: gilashi mai lamba tamanin da biyar, wanda ba ya zum amma yana ɗauko fuska daga taku biyar. Zan tsaya a bakin ƙofar falo yadda na saba, in danna sau uku, in ba Umma hotonta, kowa ya kama gabansa.

Da na ji farashinsa sai da na nemi kujera.

Mai shagon, wanda duk layin ke kira Romon Baka, ya zaro wani ɗan mitsitsi daga ƙasan kanta, na hannu, jikinsa duk roba, ba nauyi kamar gwangwanin madara da aka shanye. Mai lamba hamsin. Wai shi ne amaryar masu hoton fuska. Wai yana narkar da baya kamar man shanu. Na tambaye shi ƙarara: daga nesa fa? Ya dafa ƙirji. "Yallaɓai, ko daga tsallaken titi ka tsaya sai ka ƙirga gashin ido."

Na biya. Ni da na yi shekaru a sana'ar nan, na biya.

Alhamis, 6 ga Maris

Ƙarya yake, ɗan banza! Na gwada shi a kan maman yara tana yankan albasa. Daga taku biyar, ita da tukunya da bokiti da kalandar bango duk sun shigo. In ina son fuska ta cika hoto sai na zo taku biyu. Taku biyu! Har albasar ta sa ni hawaye.

Hannuna sai murɗa gilashin yake yi yana neman zum, babu abin da ke matsowa. Ita kuma dariya. "Ai ƙafarka ce zum ɗin yanzu." Na ce ta ji da albasarta.

Gaskiya ɗaya, ya narkar da bayan. Tarkacen kicin ɗinmu ya koma kamar hayaƙi, ta fito fes, har ta ce in tura mata. Amma ba don wannan na saye shi ba.

Juma'a, 7 ga Maris

Na koma wurin Romon Baka. Ya nuna mini kwalin da ya rataya, wai kaya in sun fita ba sa dawowa. Ran Laraba kwalin nan yana bayan fanka, na rantse. Na ɗaga murya har maƙwabcinsa mai batir ya leƙo. Na ce ina tsallaken titin? Ya ce ai bai faɗi faɗin titin ba.

Ƙarshe dai ya ce mako mai zuwa wani tamanin da biyar na hannu zai shigo, in kawo wannan in yi ciko. Mako mai zuwa! Kafin nan ai an riga an yanka fuskar. Araha ba ta ado, na sani, amma wannan sakiyar da ba ruwa ya yi mini, kuma ni na miƙa ƙafar.

Asabar, 8 ga Maris

Na je gida. Umma ta goge masa farar rigar nan mai maɓalli uku, ta zaunar da shi kusa da taga. Ya rame. Kumburin yana ɓangaren hagu, ƙarƙashin gemu, in ya ɗan juya ba a gani.

"An zo?" in ji shi. Ba ma "ka zo" ba. An zo.

Na fara daga bakin ƙofa, ya fito ɗan ƙarami tsakanin kabad da agogon bango. Na ƙara taku ɗaya. Na ƙara wani. Da na kai inda ya kamata har ƙamshin man zafin da yake shafawa nake ji, numfashinsa ma ina ji. Na danna, na danna, na danna, ko ashirin sun yi, na tattara kayana. Ban ce ya yi murmushi ba. Ko za a yanka ni ba zan faɗa ba.

Ya ce, "Har an gama? Aikin ba wuya ashe."

Ban tsaya cin abinci ba. A mota na daki sitiyari har hannuna ya yi tsami.

Lahadi, 9 ga Maris

Na buɗe su a kwamfutar shago. Ashirin da uku, babu na kirki ko ɗaya. Fuskar duk ta yi dishi-dishi, idanun kamar an shafa musu mai. Na zagi Romon Baka, na zagi kamfanin da ya ƙera abin, na zagi mai tumbin da ya jawo mini. Saura kaɗan in maka gilashin da bango.

Maman yara ta kawo mini abinci, ta tsaya a bayana tana kallo. Can ta sa yatsa a allon. "To ai nan ya fito."

Maɓalli. Maɓallin sama na rigarsa, tar da shi, har zaren da aka ɗinka shi da shi ana gani. Na duba na biyu, maɓalli. Na uku, maɓalli. Duk ashirin da ukun.

Gilashin nan in an buɗe shi gaba ɗaya, wurin da yake kamawa bai wuce kaurin yatsa ba. Inda ka saita nan ne zai fito, saura ya narke. Kowane ɗan koyo ya san a ido ake saitawa. Ni ma kullum haka nake yi, ga amare, ga jarirai, ga tsofaffin da ban sani ba.

Ta ce a hankali, "Ba ka kalle shi ba ne."

Na ce ta tafi da abincinta. Haushin da na fi ji shi ne babu wanda zan zaga.

Litinin, 10 ga Maris

Gobe da safe za a shiga da shi. Da hantsi na kira Umma na ce hotunan sun lalace, laifin gilashi ne. Ta ce in zo kafin azahar, da yamma za su tafi asibiti.

Na tarar har an haɗa jaka. Rigar shekaranjiya tana cikin wanki, wata tsohuwar shuɗiya ya sa. Na shirya jin baƙar magana, na ma tanadi amsa tun a hanya. Sai ya ce, "Umman taku ta ce ba su yi ba." Na ce e. Ya ce, "Gilashin ne?"

 Na ce a'a, ni ne.

Ban san me ya sa na faɗa ba. Har yanzu haushin kaina nake ji.

Ya gyara zama. "To kai ka san aikin. Faɗa mini yadda zan yi."

Na jawo kujerar roba, na zauna a gabansa, gwiwata saura kaɗan ta taɓa tasa. Na ce ya juya dama kaɗan, ya juya. Na ce ya sauke haɓa, ya sauke, kamar ɗan makaranta. Na ɗaga kyamara, ɗigon saiti ya sauka a wuyan riga, nan hannuna ya kai shi da kansa. Na tura shi sama. Gemu. Hanci. Yana kallon taga.

Na ce, "Baba, ka kalle ni."

Ya kalle ni. Wani farin zobe ya zagaye baƙin idonsa, ban san yaushe ya fito ba. Kuma tsoro yake ji. Mutumin da muryarsa kaɗai ke sa mu shige ƙarƙashin gado, tsoro ne fal a idonsa, bai kuma ɓoye mini ba. Na danna sau ɗaya. Na kasa danna na biyu, don ban ƙara ganin komai ta cikin kyamarar ba.

Ya ce, "Ba za ka ce in yi murmushi ba?"

Na ce ba sai ya yi ba. Sai ya yi, ɗan kaɗan, ta ɓangaren da ba ya ciwo. Wannan ma na samu.

Talata, 11 ga Maris

Awa biyar. An fito da shi. Sun ce an dace.

Juma'a, 14 ga Maris

Romon Baka ya kira sau biyu, wai tamanin da biyar ɗin ya iso, in hanzarta kafin wani ya ɗauka. Na ce ina zuwa. Ban je ba. Layin nasu cunkoso, ga ba wurin ajiye mota, kuma ni ban ga dalilin da zan ƙara wa maƙaryaci ciniki ba.

Na wanke hoton, babba, na kai asibiti. Fuskar duk bandeji, ido kawai a waje, ba ya iya magana tukuna. Umma ta riƙe masa shi a gabansa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya nemi biro, ya rubuta a bayan takardar magani: "Wa ya koya maka?" Na ce babu kowa. Ya rubuta amsar tawa da kansa, ya ja layi biyu a ƙarƙashinta, yadda yake yi wa lissafin da ya fita daidai.

Ban yafe maganar nan ta gaban baƙi ba, kada wani ya ɗauka na yafe.

Ma'aikaciyar jinya ta shigo canja ruwa, ta ce in ja kujerata baya, na tare mata hanya, kusan a kan gadon nake. Ɗakin ne ƙarami. Da ta fita na mayar da ita inda take.