Ba Wanda Ya San Maruda a Legas

Assalamu alaikum Kaka Ladi, amaryata. Yaya gwiwa? Ina su Hafiza?

Lafiyata ƙalau a Legas. Dakon albasa ya ɗan taɓa min baya, amma kada Inna ta ji.

An ce za ki sake zaɓen kansilan nan don ya ce duk duniya hassadar mutanen Maruda ake yi. Kaka, mutum goma na tambaya a kasuwa, ba wanda ya taɓa jin sunan garinmu.

Shekara uku famfonmu a mace, kina jan ruwa da wannan gwiwar. In ya zo yi muku kirari, ki miƙa masa gugan, ya ƙarasa yabon a bakin rijiya.

Allah ya bar min ke.

Angonki,
Muzzammil