Gangaren Katako a Bakin Ƙofa

Litinin, 2 ga Yuni

Na gama kujerun makarantar nan, ba su zo ɗauka ba. Maman yara ta ci abinci da hannun hagu, rabi a baki rabi a zani. Tun da ɓarin jikinta na dama ya shanye a farkon shekara ba ta leƙa waje ba, sai ranar asibiti, ni da maƙwabci mu ɗauke ta kamar buhu. Ma'aikaciyar da ke zuwa motsa mata gaɓoɓi ta sake tayar da maganar keken guragun da ke naɗe a bayan ƙofa. Wai tunda ni kafinta ne, in yi gangare na katako a kan matakalar ƙofar gida don keken ya riƙa sauka. Na ce na ji. Aikin wuni ɗaya ne, ni ma na sani. Ba zan yi ba.

Lahadi, 8 ga Yuni

Coci. Wa'azi a kan haƙuri, na yi gyangyaɗi a tsakiya.

Bayan an tashi wani dattijon ikilisiya ya riƙe hannuna: "Ya mai jiki? Muna nan muna jiran ranar nan fa." Ranar nan, wato wadda ni da bakina na yi shelarta. Makon da ta faɗi na miƙe gaban jama'a na ce, cikin sunan Yesu, da ƙafarta za ta sauka matakalar gidanmu, da ƙafarta za ta shigo cocin nan. Aka yi ta tafi, har da masu hawaye. To, magana zarar bunu ce. In na buga gangare yanzu, me na ce wa Ubangiji ke nan? Na fasa?

Laraba, 11 ga Yuni

Ruwa ya jiƙa katakon da na bari a waje. Duk ya kumbura.

Asabar, 14 ga Yuni

Yayarta ta zo. Da ta ji zancen gangaren sai ta dafe ƙirji. "Kul, ƙanina! Ranar da ka buga katakon nan ka yarda ke nan ba za ta tashi ba." Ta yi addu'a har maƙwabta suna amsa amin ta katanga. Ta tafi ba ta taya ni canza zanin gado ba.

Ina juya maman yara sai ta ce, da bakin nan nata da ya karkace, "Yaya ta iya addu'a, kai ka iya haƙuri. Ni kuma na iya bangon nan, babu tsagin da ban sani ba." Na ce ta ɗaga hannu in zare rigar.

Alhamis, 19 ga Yuni

Na dawo cin abincin rana na tarar ta ja jiki har bakin taga, gwiwarta ta kuje. Wai kukan jariri take ji kullum a layin, tana so ta ga na wane ne. Na matar mai shagon kusurwa ne, an haife shi bayan faɗuwarta, yanzu har ya fara zama.

Na mayar da ita gado na ce ta ƙara haƙuri, lokacin Ubangiji bai yi ba tukuna. Ta dube ni sosai. "Baban yara, kai kana jiransa a shago, a titi, a coci. Ni a ɗakin nan nake jiransa. Bangaskiyar taka ce, amma a bayana take zaune."

Na koma shago na yanka ƙafar teburi ta gajarce, katako mai kyau ya tafi a banza.

Lahadi, 22 ga Yuni

Na tsayar da fasto a bayan coci. Yaro ne, sa'an ɗana na fari, amma na tambaye shi: in mutum ya roƙi abu, kuma ya yi shiri kamar ba za a ba shi ba, ba rashin bangaskiya ba ne? Ya cire tabaransa ya nuna mini. Wai tun yana ƙarami yake roƙon idonsa ya warke, har gobe bai daina ba, kuma da wannan tabarau yake karanta mana wa'azi. Na ce tabarau daban, alkawari gaban jama'a daban. Ya ce, "Baba, wa ya yi alkawarin? Kai ko Ubangiji?"

Yaran yanzu ba su da ta ido. Na yi masa sallama na tafi.

Talata, 24 ga Yuni

Maman yara ta ƙi motsa hannun yau. Ma'aikaciyar ta yi lallashi har ta gaji ta haɗa jakarta. A bakin ƙofa ta ce mini wanda ba ya ganin waje ba ya ganin dalilin tashi.

Alhamis, 26 ga Yuni

Ta daina tambayar jaririn. Ta daina yi mini tsiya ma. In na shigo fuskarta na bango, in na fita haka. Matar da ko a ranar da aka kwantar da ita sai da ta yi wa likita gyaran yadda ya ɗaura agogo. Na ji tsoro, gaskiya. Ban ji irinsa ba ko a ranar da ta faɗi.

Asabar, 28 ga Yuni

Na yi gangaren. Da ragowar katakon kujerun makaranta. Ban kafe shi da ƙasa ba, ɗorawa kawai na yi, mutum ɗaya ma zai iya ɗauke shi. Na wucin gadi ne.

Lahadi, 29 ga Yuni

Na tura ta har coci. Ta sa na tsaya a shagon kusurwa aka ɗora mata jaririn a cinya, ta ce kan ubansa ya ɗauko, Allah ya kyauta.

Da muka shiga aka fara waige-waige. Dattijon nan ya matso: "Ashe a keke?" Kafin in buɗe baki ta ce, "A keke, Baba. An dai zo." Yayarta ba ta gaishe ni ba. Na ji kunya kamar in nutse, na zauna a gefen keken ina kallon takalmina. Kunya dai ba ta kashe ni ba, ga shi ina rubutu.

Ta yi waƙa da rabin baki, tana riga kowa shiga baiti, kamar dā.

Laraba, 2 ga Yuli

Gangaren yana ɗan motsi in keken ya hau, sai na kafe shi da manyan ƙusoshi. Don kada ya kayar da ita ne kawai. Tunda na riga na fito da kayan aiki na goge shi, na shafa fenti saboda ruwa. Na kuma yi masa abin riƙewa a gefen hagu, daidai tsayin ƙugunta, ko da wata rana za ta so sauka a tsaye. Da safe na roƙi Ubangiji abin da na saba roƙo, ban rage komai ba. Ranar ce dai ban faɗa masa ba.

Tana waje tun hantsi, tana faɗa da mai kayan miya. Ta aiko a gaya mini launin fentin bai yi ba.