Ba Ni Na Taka Birkin Ba

Assalamu alaikum Malam mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana. Wanda kuma zai ce mini maƙaryaci ya daure ya kai ƙarshe tukuna, don ni ma na san abin da na aikata.

Ni direban lori ne, ko in ce a da. A zangon Salaga aka haife ni. Na daɗe ina jan motar wani Alhaji, ina kai goro da doya da fasinja Yendi, wani lokaci har Bawku, ko akuya ban taɓa takawa ba. Akwai mijin ƙanwata, bari in kira shi Isaka. Tare muka taso, ni na tsaya masa har ya auri ƙanwar tawa Ramatu, ni kuma na roƙi Alhaji ya bar shi ya riƙa bi na yana koyon tuƙi. Hannunsa na da kyau, sai dai gaggawa. Kullum ina gaya masa jar ƙasar nan tamu in ta sha ruwa sabulu take zama, ka sauke giya tun kafin gangare, ka sassauta hannu a sitiyari, kada ka danne birki ko da gabanka ya faɗi. Sai ya ce, "Na ji, Yaya."

A daminar da ta biyo bayan samun mulkin kai, mun wuce Bimbila da rana tsaka sai hadari ya rufe mu, aka yi ta zubo ƙanƙara kamar ana jifa da tsakuwa. Na tsaya a gefe, fasinja suka ja tamfol suka lulluɓe a baya. Ni kuwa tun safe zazzaɓi ke cina. Da ruwa ya tsagaita Isaka ya ce, "Yaya, jikinka sai rawa yake, kawo in ƙarasa da mu." Ƙanƙara na nan fari fat a kan laka, ba ta narke ba. Me ya hana ni in ce mu jira? Me ya sa na ba shi sitiyarin, alhali na san ba shi da lasin? Har yau ban sani ba. Muna kama gangaren wata 'yar gada bayan motar ya fara zamewa, na ce, "Kada ka taka!" Ya taka. Lori ta juya da mu ta kwanta a rami.

Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma wata dattijuwa mai fataucin goro, da duk tasha ke kira Mma, buhuna suka danne ta, hannunta na dama ya shanye har yau. Bayan mun fitar da mutane Isaka ya ja ni bayan mota ya durƙusa cikin laka ya kama ƙafata yana kuka. "Yaya, kurkuku za su kai ni. Ka dubi Ramatu, ga tsohon ciki." Ba wanda ya ga mun canza wuri. Da 'yan sanda suka zo daga Yendi na ce ni ne ke tuƙi. Aka karɓe lasina, Alhaji ya karɓi makullinsa bai ko dubi fuskata ba. Na je gaida Mma a asibiti ta ce, "Ɗana, ƙaddara ce, na yafe maka." Na sunkuyar da kai na karɓi yafiyar da ba tawa ba. Wallahi wannan ya fi komai ci mini rai.

Duk da haka ban yi nadama ba a lokacin, na ce don ƙanwata na yi. Na koma noman doya. Isaka ya sami lasin, aka gyara motar, Alhaji ya ba shi ita, har na yi masa murna. Sai kwanan baya da na kai doya kasuwar Yendi, na biya ta tasha, na hango shi zaune a tsakiyar direbobi yana ba da labari, bai gan ni ba. Da kunnena na ji yana cewa, "Sau nawa na ce masa Yaya sassauta, ƙanƙara ce a ƙasa? Ina! Mutum in ya daɗe a kan sitiyari ba ya jin magana." Suna ta gyaɗa kai. Ashe haka ya gaya wa Alhaji, haka ya gaya wa mahaifiyarmu, haka ya gaya wa Ramatu. Ashe shi ya sa ta daina haɗa ido da ni.

Na jira ya keɓe na ce, "Isaka, ni?" Ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Yaya, kai da bakinka ka faɗa wa 'yan sanda. In ka canza magana yanzu, cewa za a yi baƙin ciki kake yi." Ya kaɗe rigarsa ya hau mota.

Da a ce sunana kawai ya ɓata, da na bar shi da Allah. Amma yanzu Alhaji ya mai da shi hanyar Bawku, inda ake sauka gangaren Nakpanduri, wanda ko tsohon direba sai ya yi addu'a. Waɗanda suka shiga motarsa sun ce har yanzu da gudu yake shiga laka, har yanzu birki yake dannewa. Mutumin da ya gaya wa kansa ba shi ya yi kuskure ba, ta yaya zai gyara? Ga damina ta kama. Mma ma, baiwar Allah, ta ce ba ta shiga motar kowa sai tasa, wai shi ne mai hankalin. Mahaifiyarmu kuma tana shirin bin sa Bawku bikin sunan wasu dangi.

In na faɗi gaskiya, ni ma na yi wa hukuma ƙarya, ƙila a ɗaure mu tare, ƙanwata ta zauna da jariri ba miji ba yaya. Ƙila ma ba wanda zai yarda da ni. In na yi shiru motar nan ta zame da mutane, da wane ido zan je ta'aziyya?

Jama'a, ku dubi girman Allah ku gaya mini. Me zan yi?