Muryar da na ba shi ba ta ubansa ba ce

Assalamu alaikum. Ina gaida mai kula da wannan shafi da masu karatu. A sakaya sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Zan bi abin daki-daki. Ni mutumin Kazaure ne. Ana gama bikin samun mulkin kai na shiga gidan rediyo, ina ɗaukar wa manya rikoda, har na zama mai shirin kaɗe-kaɗen karkara, kuma a kansa na yi ritaya. Ban taɓa makara ba, wanda ya makara kuwa ban taɓa ɗaga masa ƙafa ba. Da haka aka san ni.

Wata damina na je gayya a wani ƙauye bayan Gwiwa, na ɗauki wani makaɗin gangar noma yana zuga samari a bakin kunya. Da na mayar masa da faifan ya ji kansa, sai ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Malam, ashe haka nake damun mutane? To ka adana mini. Matata na da ciki, in na mutu ɗan bai san ni ba, ka jiyar da shi." Na ce amana ce. Kafin kaka ya rasu.

Sai zamanin kuɗin mai ya zo. Kullum ana buɗe hanya ko asibiti, kowane babba yana son a ɗauki jawabinsa, sababbin fayafai kuma sun maƙale a tashar jirgin ruwa ta Ikko. Dokar ofis ita ce a goge tsohon faifai a sake amfani da shi, amma mai shiri ke zaɓen wanda za a goge. Ba wanda ya tilasta ni. Na duba kanta, na ce wa zai tambayi makaɗin ƙauye? Na goge shi, na ɗora jawabin buɗe wani gidan mai. Wa ke tuna jawabin yau? Ni kaina ban tuna ba.

Bayan na yi ritaya wani magidanci ya yi mini sallama, ya tsuguna ya ce, "Baba, ni ne cikin nan da makaɗin bayan Gwiwa ya rasu ya bari. An ce muryar mahaifina na wurinka." Uwarsa ta yi aure a Nijar tun yana ƙarami, kawunsa ya riƙe shi, bai san ubansa ko a hoto ba. Me ya hana ni faɗa masa gaskiya a ranar? Kunya. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana yi wa na ƙasa da shi faɗa a kan amana! Na shiga ɗaki na ɗauko kiɗan wani makaɗin Babura, na juye masa a kaset na miƙa masa. A zaurena ya saurara, ya yi kuka har ya jiƙa wuyan rigarsa. Ya ce, "Baba, ka ji? Yadda nake jan murya haka yake ja." Na ce ƙwarai.

Tun daga nan ya mai da ni uba. Duk kaka sai ya ɗauro mini gero a bayan babur. 'Ya'yansa sun haddace waƙar, suna cewa waƙar kakansu.

Ga inda magana ta tsaya. Mijin uwar ya rasu, ɗan ya je ya ɗauko ta, yanzu tana gidansa. Idonta ya tafi amma kunnenta garau. Jiya ya zo yana murna ya ce, "Ban kunna wa Inna ba tukuna. Na ce sai Baba na zaune, shi da ya riƙe amana. Ranar Juma'a in an sauko masallaci zan zo in ɗauke ka."

Macen da ta zauna da mutum za ta kasa gane muryarsa? In ta ce ba shi ba ne, a gaban jikoki, na kashe wa bawan Allahn nan uba sau biyu. In kuma ta gane ta yi shiru don ɗanta, na ɗora wa tsohuwa ƙaryata ta kai ta kabari. Na yi tunanin in ce ba ni da lafiya, amma ko ban je ba zai kunna.

In same shi tun kafin Juma'a in faɗa masa? Ko in fara zuwa wurin tsohuwar in durƙusa? Jama'a, yau Laraba. Me zan yi?