Kawu ya ce na goge Bisimilla daga laftof

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana, garinmu ƙarami ne. Don Allah ku ba ni shawara, amma in faɗa tun yanzu, ni ban ga laifin da na yi ba.

Ni ce mai riƙe da laftof ɗin ƙungiyar manoman rani ta ƙauyenmu, can wajen Watari. Muna da jadawali a ciki, kowane manomi da layinsa, ga kolom, wato jeri daga sama zuwa ƙasa, na suna, ga na inda gonar take, ga na kwandunan tumatir da aka ɗiba. In na cike da yamma, sistem da kansa yake tura imel ga kamfanin da ke saye, su turo mota da safe.

Makon jiya sai mota ta ƙi zuwa. Na kira su, suka ce imel ya iso amma fanko, babu gona babu kwando. Na zargi netwok, na kashe na kunna, na sake turawa, duk a banza. Tumatir yana bakin hanya cikin rana yana tsiyayar ruwa, mutane suna wucewa ta ƙofar gidanmu suna cewa dama an faɗa, ba a ba mace irin wannan aiki. Sai da na nutsu na ga ashe an ƙara layi a can sama, an rubuta Bisimilla da addu'ar neman albarka. Kawuna ne, yayan mahaifiyata kuma shugaban ƙungiya, ya sa aka rubuta ranar da na tafi biki Minjibir, wai bai kamata abincin jama'a ya fara babu sunan Allah ba. Shi kuwa sistem layin farko kawai yake dubawa ya gane sunayen kolom, da bai gan su ba sai ya tura fanko.

Na ɗauke Bisimillar na ba ta shafinta daban, wanda kana buɗe laftof shi za ka fara gani. Washegari mota ta zo. Na ɗauka za a ce min sannu, ashe Kawu ya tara mutane yana cewa na goge sunan Allah saboda na'ura, boko ya buɗe min ido. Na je na tsuguna na yi masa bayani, ya ce in na'ura ba za ta zauna da Bisimilla ba, to na'urar za a gyara. Na ce wanda ya haɗa mana ita ya daɗe da barin aiki, ni ban iya ba. Ya ce to in mayar yadda ya sa, in ba da haƙuri gaban 'yan ƙungiya, ko in ajiye laftof. Inna tana ta kuka, wai bin na gaba bin Allah.

Gaskiya raina ya ɓaci. Ni da ban taɓa buɗe laftof ɗin nan ban yi Bisimilla da bakina ba. Girman Kawu ina ba shi, amma ba zan tsaya gaban jama'a in amsa cewa na raina sunan Allah ba, tabon nan har 'ya'yana zai bi. In kuma na mayar da Bisimillar wurinta, tumatir ya ruɓe, ni ɗin dai za a zaga.

To ku gaya min, in mayar in zuba ido, ko in tsaya a kan bakana? Jibi ne ɗiba ta gaba, kuma kwandunan da suka fi yawa a cikinta na Kawu ne.